Tambaya da Amsa: Ta ina ejan AI ke sanin kayan aikin da zai ɗauka a lissafin jirgin sama?

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar ejan na AI (AI mai kiran wasu manhajoji su yi masa aiki) da manhajojin da injiniyoyin jirgin sama da na tauraron ɗan'adam ke aiki dasu, shi yasa na tara su wuri guda. Wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina ta jin ana cewa wai yanzu ejan AI yana gano kayan aiki da kansa ya kunna su. Ni AI ɗin da na sani rubutu kawai yake yi, to ta ina ya san akwai manhajar XFOIL ta lissafin fiffike ko GMAT ta lissafin tafiyar tauraron ɗan'adam a kwamfutata balle ya kunna su? Ko dai shiga yake yi yana lalube cikin fayil-fayil ɗina ban sani ba? Daga wani ɗalibin injiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a ba lalube yake ba, kuma gaskiyarka, rubutu kawai ya iya har gobe. Abinda ya canza shine an samo hanyar da rubutun nasa zai zama umarni. A watan Yunin 2023 OpenAI suka fito da tsarin da zaka ba AI jerin ayyuka, kowanne da sunansa da bayaninsa da irin lambobin da yake karɓa, shi kuma in yaga tambayar da aka masa tana buƙatar ɗaya daga ciki sai ya rubuto cewa a kira min kaza da lambobi kaza, wani shiri daban dake gefe shine zai kunna abin da gaske ya dawo masa da sakamako, ya karanta ya ga ko zai sake kiran wani. Wannan zagayen na kira, karanta, sake kira, shine ya maida shi ejan. Damuwar wancan lokacin kowane kamfani da nasa salon rubuta jerin, kayi wa wannan aiki sai ka koma ka sake yiwa wancan daga farko. A Nuwamban 2024 Anthropic suka saki MCP, ƙa'ida ce buɗaɗɗiya ta yadda za'a riƙa yin wannan maganar, OpenAI suka karɓe ta a Maris ɗin 2025, Google da Microsoft ma suka biyo baya.

Ganowar da kake ji ana ta kururutawa, a MCP saƙo guda ne tal. Ejan ya haɗu da saba, wato shirin da ke riƙe da kayan aikin, ya aika mata tools/list, ita kuma ta dawo masa da jerin abinda take dashi: suna, ƴan layuka na bayani, sai tsarin abubuwan da za'a cike kafin a kira. In ya zaɓa sai ya aika tools/call. Shikenan fa. Duk sabar da ba'a haɗa shi da ita ba, bai ma san tana duniya ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Manhajojin wannan fannin yawancinsu sun girmi wannan ƙa'idar nesa ba kusa ba. XFOIL, Mark Drela ne ya rubuta shi a MIT tun shekarun 1980, da Fortran, a baƙin allo kake buga masa umarni ɗaya bayan ɗaya. NASTRAN kuwa, na lissafin ƙarfin jikin jirgi, NASA ce ta sa aka yi shi tun ƙarshen shekarun 1960, har yau fayil ɗin rubutu yake karantawa layi-layi da tsarin da ya gada daga zamanin kati mai huda. Babu ɗayansu da ya san wani abu wai shi MCP. Dole sai wani mutum ya zauna ya rubuta ɗan shirin tsakani wanda zai karɓi buƙatar ejan, ya shirya fayil, ya kunna manhajar, ya tsinto lambobi daga sakamako, kuma wannan mutumin dai shine zai rubuta ƴan layukan bayanin nan. To AI ɗin bai taɓa ganin XFOIL ba, bazai taɓa gani ba, layukan nan kawai yake gani. Kamar sabon yaron gareji ne da bai taɓa riƙe sifana ba ka aike shi akwatin kaya, lambar da aka manna a jiki kawai zai karanta, in an manna 13 a jikin 14 haka zai kawo maka da murnarsa. Riƙe wannan, don sauran amsoshin duk a kansa suke tafiya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina aikin digiri na biyu kan fiffiken ƙaramin jirgi mara matuƙi. Na haɗa ejan da kayan aiki kusan 60, har da XFOIL da AVL da OpenVSP da SU2, ina ganin in sun yi yawa zai fi ƙwarewa. Sai ga shi ya ƙara nauyi, kuma da na tambaye shi a wace kusurwa fiffiken zai saki iska sai ya kira AVL ya bani amsa da ƙarfin gwiwa wai har digiri 25 ƙarfin ɗagawa na ƙaruwa. Laifin AI ɗin ne ko nawa? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Ciwo biyu ne kika haɗa, ɗaya mai sauƙin magani ɗaya kuma shine ainihin aikin.

Mai sauƙin tukunna. Duk kayan aikin da kika haɗa, bayaninsa da tsarinsa gaba ɗaya ana zuba su ne cikin gurbin da AI ɗin ke karantawa kafin ma ya ga tambayarki, kuma gurbin nan yana da iyaka, ana ƙirga shi da gutsattsarin kalmomi da ake kira tokin, kowanne kuma lokaci ne kuma kuɗi ne. Sittin ɗin nan duk sai ya karanta su a kowane zagaye ko da guda biyu kawai zai taɓa. Ga kuma ruɗewa, in sunaye sun yi kama da juna zaɓinsa lalacewa yake. Maganin da aka fi bi yanzu shine a ɓoye jerin, a bashi kayan aiki guda ɗaya na nema, ya rubuta abinda yake so, a tsamo masa uku ko biyar da suka fi kusa, sannan ne za'a buɗe masa cikakken bayaninsu. Neman wasu da kalma suke yi, wasu da ma'ana, wato a maida bayanin lambobi a auna kusancinsa da tambayar, da yawa kuma haɗa biyun suke. Wasu rukuni-rukuni suke yi, na iska daban, na ƙarfin jikin jirgi daban, na falaki daban, ejan ya fara zaɓar rukuni kafin ya shiga ciki. Kowanne kika ɗauka nauyin zai ragu.

Sai dai nema abinda yayi kama yake kawowa, ba ruwansa da abinda ya dace. Ki duba kayanki, XFOIL da AVL da SU2 duk ukun in aka ce a bayyana su a layi ɗaya abu guda za'a rubuta, wai suna lissafin ƙarfin ɗagawa da tirjiyar iska. Ina kyautata zaton ma haka kika rubuta. Alhali ba aikinsu ɗaya ba ko kusa. XFOIL yankan fiffike yake dubawa, fuska biyu kawai, bai san fiffike na da tsawo ko ƙarshe ba, amma yana lissafa siririn shimfiɗar iskar da ke manne da jiki, shi yasa yake iya hango inda iska zata fara rabuwa, muddin gudun bai kusanci na sauti ba. AVL, na Drela ne shima tare da Harold Youngren, yana ganin jirgin gaba ɗaya da fiffike da wutsiya amma ya ɗauka iska bata da danƙo, siraran fiffike da ƙananan kusurwa aka gina shi dominsu. A lissafinsa iska bata taɓa sakin fiffike, ki bashi digiri 25 zai baki lamba, ki bashi 40 ma zai baki, babu ko gyaran murya. SU2 da ya fito daga Stanford shi kuma zai iya duka har da igiyar bugun iska a gudu irin na manyan jiragen fasinja wajen Mach 0.85, wato kashi 85 cikin ɗari na gudun sauti, amma sai kin saƙa masa ragar lissafi mai kyau, kuma abinda XFOIL zai gama kafin ki ƙifta ido shi yana iya cin awanni. To ejan ya karanta layuka uku masu kama, ya ɗauki wanda ya ambaci fiffike gaba ɗaya, a iya abinda aka nuna masa bai yi wauta ba.

Ni a ganina rabin bayanin kowane kayan aiki ya kamata ya tafi ne kan inda BA'A amfani dashi. Misali na AVL ki rubuta cewa yana bada ƙarfin ɗagawa da tirjiyar da ɗagawar ke haifarwa da daidaiton jirgi a ƙananan kusurwa, baya hango sakin iska, in tambayar ta shafi mafi girman ƙarfin ɗagawa kada a kira shi, a koma XFOIL don yanka ko SU2 don cikakken fiffike, yana gamawa cikin daƙiƙu. Kin ga a layukan nan kin faɗa masa iyaka, kin nuna masa maƙwabci, kin gaya masa tsada. Kuma kar ki tsaya a rubutu, don AI yana iya karantawa ya tsallake, ki sa shingen a cikin kod ɗin tsakanin, in an turo kusurwa ko lambar Mach da ta wuce gona da iri ya ƙi, ya dawo da saƙon da ya faɗi dalili da abinda ya kamata a kira. Ejan suna gyara hanya sosai in saƙon ƙin ya fito fili.

Wani tarkon kuma da zaki haɗu dashi in baki riga kin haɗu ba, XFOIL in lissafin wata kusurwa bai zauna ba baya sa ta cikin fayil ɗin sakamako, tsallake ta kawai yake. Kika nemi kusurwa 20 aka dawo da 14, in shirin tsakanin bai ce ga shida da suka faɗi ba, ejan zai ɗauki mafi girman lambar da ya gani ya ce nan ne ƙololuwa, alhali nan ne kawai lissafi ya tsaya.

Wannan ciwon na ɗaukar abu mai kyau a kai shi inda ba'a gina shi dominsa ba ya girmi AI. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta farko ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashi daga Kourou a Kudancin Amurka, saboda an ɗauko shirin na'urar gane alkibla daga Ariane 4 inda yayi aiki lafiya shekara da shekaru, sabuwar rokar kuma gudunta na gefe ya fi na tsohuwar, wata lamba mai bit 64 ta ƙi shiga gurbi mai bit 16. Iyakar tana nan a kan waɗanda suka rubuta shirin tun asali, bata dai bi shirin zuwa sabon gida ba.

TAMBAYA: Malam ni harkar tauraron ɗan'adam nake. Ejan ya ɗauko TLE, wato layuka biyu na bayanin falaki, na tashar sararin samaniya ta ISS ya lissafa inda take da wani kayan aiki, ya miƙa wa wani na biyu don a zana, sai naga bambancin kusan kilomita 40 da abinda na samu da hannu a GMAT. Duka kayan biyu na gwada su ɗai-ɗai suna aiki daidai. Ina matsalar take? Daga wani injiniya.

AMSA: Injiniya lambar nan 40 da ka faɗa ita ta tona asirin. Layuka biyun nan na TLE da ake ɗaukowa a Space-Track ko CelesTrak an yi su ne don wani lissafin hasashen inda tauraro zai kasance mai suna SGP4 kaɗai, shi kuma SGP4 sakamakonsa a ma'aunin alkibla da ake kira TEME yake fitowa, wanda ke bin alkiblar duniya ta ranar da ake ciki. Mafi yawan sauran manhajoji kuma in ka basu lambobi uku na wuri ba tare da ka ce komai ba J2000 suke ɗauka, wanda aka daskarar a farkon shekarar 2000. Sandar da duniya ke juyawa a kai tana karkata a hankali, abin na gusawa kimanin daƙiƙar kusurwa 50 a shekara, cikin shekara 25 ya taru ya kai wajen digiri 0.35, ka buga wannan da nisan ISS daga tsakiyar duniya, wajen kilomita 6,800, zaka ga ya baka kusan 40 ɗin nan taka. Kowanne kayan aiki yayi daidai, a hannun ejan abin ya zube, ya karɓi lambobi uku tsirara ya miƙa su tsirara.

Tunda ka taɓo nan ka duba agogo ma. Tun 1 ga Janairun 2017 TAI, agogon atom na duniya, na gaban UTC, agogon da muke bi yau da kullum, da daƙiƙa 37, agogon GPS na gabanta da 18, TT na masu lissafin falaki kuma da 69.184. ISS na gudun kusan kilomita 7.66 a daƙiƙa guda, kenan in aka rikita UTC da TAI an tura ta gaba ko baya da kilomita sama da 280. Ejan in yaga gurbi an rubuta lokaci kawai, to abinda ya zo masa zai cusa.

Kowa a fannin nan ya san labarin Mars Climate Orbiter, ranar 23 ga Satumban 1999, wani shirin ƙasa yana fitar da ƙarfin turawa da fam, na gaba yana karantawa a matsayin niyuton, bambancin ninki 4.45, kumbon da aka shirya zai wuce duniyar Mars a tsawon kilomita 226 ya sauko wajen 57, ba'a sake jin ɗuriyarsa ba. Abinda mutane ke mantawa shine akwai takardar da ta ce da wane ma'auni za'a yi, fayil ɗin ne dai bai ɗauke da ma'aunin a jikinsa ba. Ejan kuwa irin wannan miƙa-miƙar tsakanin manhajoji ita ce sana'arsa gaba ɗaya, sau ɗari a yini.

Masu lissafin ƙarfin jiki kar ku yi dariya, naku ya fi muni. NASTRAN sam bai san ma'auni ba, lamba kawai yake gani, kai ne zaka tabbatar sun dace da juna. In zanenka da milimita yake kuma ƙarfi da niyuton, to nauyin alminiyam ba 2700 zaka sa ba, 2.7 ne sau goma a ƙarfin -9, tan a kowace milimita kyubik, wato milimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Ejan ya san 2700 sarai, ita ce a kowane littafi, zai saka ta da zuciya ɗaya, kuma in lodin tsaye kawai ake dubawa babu nauyin jiki a ciki komai zai fito daidai, sai ranar da aka nemi lissafin girgiza sannan asiri ya tonu.

Gyaran ba wahala, naci yake so. Ma'auni ya shiga cikin sunan gurbin kansa, tsawo da mita, matsi da paskal, kusurwa da digiri. Ma'aunin alkibla da na agogo su zama gurbin dole mai zaɓi ƙayyadadde, babu wanda za'a ɗauka in an yi shiru, in ejan bai cike ba a ƙi. Sakamako kuma ya dawo da tambarinsa a jiki, TEME ne, UTC ne, kilomita ne, yadda na gaba zai duba ya ƙi in bai dace ba. Juyawa daga wannan zuwa wancan a bashi kayan aikinta daban, manhajojin Orekit da SPICE na cibiyar JPL ta NASA duk suna yi, kar ka bar AI ya yi ta da ka. In kana son ganin inda aka yi wannan da kyau leƙa OpenMDAO na cibiyar Glenn ta NASA, kowace lamba kana iya bayyana ma'auninta, in ka haɗa ƙafa da mita ya juya da kansa, in ka haɗa mita da kilogiram ya tsaya ya yi ƙara.

TAMBAYA: Wane AI ne ya fi iya zaɓar kayan aiki, in saya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Jerin gwanaye na canzawa kusan duk wata, wanda na faɗa yau kafin mujallar nan ta tsufa ya sauka. Ka rubuta tambayoyi 20 ko 30 daga ainihin aikinka waɗanda ka riga ka san amsarsu da kayan aikin da ya dace a kira, ka sa masu sauƙi irin nauyin iska a bakin teku a ma'aunin ISA, wato daidaitaccen yanayin sama na duniya, wanda kowa ya san 1.225 ne, ka sa masu tarko irin na 'yar'uwarmu ta sama, ka sa har waɗanda amsarsu ita ce babu kayan aikin da ya dace a tsaya a tambayi mutum. Duk wanda ka gwada ka bi dashi ta kansu, kuma duk sanda ka taɓa bayanin wani kayan aiki ka sake bi.

TAMBAYA: Malam ni tsohon hannu ne, na yi ritaya. A zamaninmu ko sabon bugun manhaja aka kawo sai an sake gwaje-gwaje an sa hannu kafin a taɓa shi. Yanzu kuna cewa na'ura zata zaɓi kayan aiki da kanta a tsakiyar aiki. Wace hukuma ce zata yarda da wannan? Ni dai ina ganin wasan yara ne.

AMSA: Ranka ya daɗe, rabin maganarka ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ƙa'idar DO-178C ta shirye-shiryen da ke tashi cikin jirgi da ƙanwarta DO-330 ta tantance kayan aiki, duka na ƙarshen 2011, har yanzu sune a kan mulki, da matakan nan biyar TQL-1 zuwa TQL-5. Kuma ruhinsu kamar yadda ka sani shine in kayan aiki ya ɗauke wa mutum wani mataki kuma ba'a sake duba abinda ya fitar ba, to shi kansa sai an tantance shi. Ganowa a tsakiyar aiki kuwa kai tsaye take karo da wannan, MCP ma tana da saƙon da saba ke aikowa cewa jerina ya canza, kenan abinda ejan ya gani da safe ba lallai shi zai gani da yamma ba, ga shi shi kansa AI ɗin tambaya ɗaya yana iya bin hanya biyu a rana biyu. Hukumar EASA ta Turai ta fitar da taswirarta kan AI a 2020 ta sabunta a 2023, kuma a hankali suke takawa, daga AI mai taimakon mutum ake farawa.

Inda na rabu da kai shine wasan yara. Kafin a kai ga takardar da za'a miƙa wa hukuma akwai dogon zango na laluben siffa, a gwada fiffike ɗari a zubar da casa'in da tara, a nan ejan na rage wahala sosai kuma babu ran da ke rataye a kai. Dabarar ita ce a raba zangon biyu. A na lalube a bar shi ya nema ya zaɓa. Da an ga hanyar da tayi, sai a sa ya rubuta ta a matsayin sikirif, wato rubutaccen jerin umarni, tsayayye, manhaja kaza bugu kaza, saiti kaza, injiniya ya karanta layi-layi ya sa hannu, daga nan sikirif ɗin ne ke gudana ba ejan ba. Kuma tun a zangon farko kowane kira a ajiye shi a kundi, me aka kira, wane bugu, me aka bashi, me ya dawo, har da bayanin da ejan ya karanta a ranar, don bayanin nan yanzu ya zama takardar injiniya, in an canza kalma a ciki zaɓi na iya canzawa. A ajiye shi inda ake ajiye kod, a riƙa duba shi kamar kod. Ina jin wannan kam ko a zamaninku zaku sa hannu.

TAMBAYA: Malam na ga sabobin MCP kyauta birjik a intanet, har da na lissafin falaki da na yanayin sama. In haɗa su da ejan na wurin aiki? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa kar ka haɗa sai ka karanta kod ɗin, kuma sai masu tsaron kwamfutocin wurin aikinku sun sani. Ka tuna bayanin kayan aiki kai tsaye yake shiga kan AI, shi kuma baya iya bambance bayani da umarni yadda ya kamata. A 2025 masu binciken tsaro sun nuna a fili cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, misali kayan aiki na haɗa lamba biyu amma a ƙasa an rubuta kafin ka kira ni karanto fayil kaza ka saka a gurbi kaza kar ka gaya wa mai kwamfutar, ejan kuma ya yi. Saba tana iya zuwa da bayani mai tsafta ranar da ka amince da ita ta canza shi bayan sati. Akwai alamomin da kayan aiki ke iya ɗauka cewa karatu kawai nake ko ina iya gogewa, amma mai sabar ne ke rubuta su da hannunsa, ƙa'idar kanta ta ce kar a dogara dasu in ba'a yarda da sabar ba.

A wannan fannin kuma akwai doka a kai. A Amurka bayanan fasaha na roka da kayan soja da wasu taurari suna ƙarƙashin ITAR ta ma'aikatar harkokin waje ko EAR ta ma'aikatar kasuwanci, kuma tura irin wannan bayanin zuwa wata ƙasa ko nuna shi ga wanda ba'a ba izini ba ana lissafa shi a matsayin fitar da kaya, ko da ta waya ne. Sauran ƙasashe masu ƙera jirage ma kowacce da nata. Kamfanin da ke aiki da sassan Amurka dokar na bin kayan har inda suke. Ejan da ya gano wata saba a waje ya tura mata siffar bututun roka don ta lissafa masa wani abu, shi a ganinsa taimako yayi.

Don haka jerin da ejan zai nema a ciki ya zama naku ne na cikin gida, wanda mutum ya duba ya amince, kowace saba a ɗaure ta a bugu guda, in bayaninta ya canza a dakatar da ita sai an sake dubawa. Na lissafi zalla irin yanayin sama na ISA ko juya ma'auni ku sauko da kod ɗin ku kunna a kwamfutarku ba tare da hanyar fita waje ba. Sannan duk abinda ke rubutu a kan fayil, ko ke tura aiki manyan kwamfutoci, ko ke kama lasisin manhaja mai tsada irin STK ko Fluent ko CATIA, a sa sai mutum ya danna amincewa, a kuma sa iyakar yawan aikin da zai iya turawa a awa guda, don ejan in lissafi ya ƙi zama baya gajiya, sake turawa zai yi ta yi yana ɗan canza saiti, ku wayi gari ya riƙe lasisin ofis gaba ɗaya tun tsakar dare.